Coci cike ranar Lahadi, benci wayam ranar Laraba: Yadda fastoci ke fama da sanyin gwiwa

Ranar Lahadi da safe, da wuya mutum ya samu wurin zama a majami'u da dama na Jos, Kafanchan ko Sabon Garin Kano. 'Yan Zumuntar Mata sun sha anko, mawaƙa na tashi, ana kai baiko gaba da rawa. Amma ka koma ranar Laraba da yamma, lokacin addu'ar tsakiyar mako ko nazarin Littafi Mai Tsarki. Sau da yawa fasto ne da dattijo ɗaya ko biyu, sai wasu tsofaffin mata da ba sa fashi.

Wannan giɓi shi ke karya zuciyar masu hidima. Mutum ya kwana yana shirya wa'azi, ya zo ya tarar da benci babu kowa, ko ya ga matasa a baya sun duƙufa kan waya. A hankali sai ya fara tuhumar kansa: ko dai ni ne matsalar?

Sai dai ba kowane fashi ne sanyin bangaskiya ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin keke Napep na zuwa coci sau biyu a mako ya zama lissafi a gidaje da yawa. A karkara kuma damina na riƙe mutane a gona har magariba, wasu wuraren tsoron fita da yamma ne saboda rashin tsaro. Faston da ya haɗa waɗannan duka ya kira su "taurin zuciya" daga kan bagade, yakan ƙara korar waɗanda suka rage.

Shi ya sa wasu suka daina ƙirga benci, suka koma bin gida-gida. A wasu ikilisiyoyin an raba addu'ar Laraba zuwa ƙananan taruka a unguwanni, inda mutum zai taka da ƙafa. A tsakar gida ne ake jin abin da ba a faɗa a coci: bashi, rikicin aure, ko wani ɓacin rai da dattawa da ya shekara ba a sasanta ba.

Shi kansa mai hidimar fa? Labarin da aka fi komawa gare shi shi ne na annabi Iliya a 1 Sarakuna sura 19. Ya gudu jeji, ya gaji har ya roƙi mutuwa, yana ganin shi kaɗai ya rage. Abin lura, kafin a yi masa wata magana sai da ya ci abinci ya yi barci. Daga baya aka sanar da shi akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba.

'Yan ECWA ma suna da nasu tarihin. Mutum uku ne suka sauka Legas a 1893 da niyyar shiga Arewa: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. A 1894 biyun farko suka rasu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Bingham ya koma gida da rashin lafiya, yunƙurinsa na biyu ma bai yi nasara ba. Sai a 1902 aka kafa tashar farko a Patigi, ECWA kuwa sai a 1954.