Farfesa Andrew Nok da Binciken Cutar Sammore a Samaru

Duk makiyayin da ya taɓa ganin saniyarsa tana ramewa alhali ga ciyawa da ruwa, ya san sammore, cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa. A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, marigayi Farfesa Andrew Jonathan Nok, ɗan asalin Ƙaramar Hukumar Jaba, ya shafe shekaru yana binciken yadda wannan cuta ke ƙarar da jinin dabba.

Ƙwayar cutar tana fitar da wani sinadari mai suna sialidase, wanda ke kankare rigar jajayen ƙwayoyin jini. Da zarar sun tsiraita, sai jikin dabbar ya shiga hallaka su da kansa. Farfesa Nok ya gano ƙwayar gadon da ke samar da sinadarin, aikin da ya kai shi ga lashe Kyautar Kimiyya ta Nijeriya a shekarar 2009.

Daga bisani ya riƙe muƙamin Kwamishinan Lafiya, sannan na Ilimi, a Jihar Kaduna, kafin rasuwarsa a 2017.

Har yanzu dai ba a samu allurar rigakafin sammore ba. Saboda haka ana shawartar makiyaya da su nemi likitan dabbobi da zarar sun ga alamun rama, maimakon sayen magani a kasuwa.