Tsiron da Ke Gumin Gishiri

Gishiri makashin tsiro ne, domin yakan janye ruwa daga saiwa ko da ƙasa na da laima. Amma tamarikis na hamadar Afirka da Asiya, wanda Larabawa ke kira asal, ya gagare shi. Saiwarsa takan nutsa har ta cim ma ruwan ƙarƙashin ƙasa, komai zartsinsa. Gishirin da ya sha kuwa, wasu ƙananan kafofi a jikin ganyensa ke fitar da shi. Idan ganyen ya kaɗe, sai ƙasar gindinsa ta yi gishiri, irin wasu tsirrai ya kasa tsirowa. Da aka kai shi Amurka a ƙarni na 19, mamaye gaɓar kogunan yammacinta ya yi, har a 2001 aka saki wani ƙwaro mai cin ganyensa domin a rage shi.