Washington: Daga ƙauyen Ingila zuwa gidajen 'yantattun bayi a Amurka

Kwanakin baya, muna cikin darasin ginin kalma, sai na rubuta sunan Washington a allo, na nemi ɗalibaina su fayyace mini gaɓoɓinsa. Nan take wani ya ɗaga hannu ya ce ai ma'anarsa a fili take, "garin wanki" ke nan, tunda kalmar wanki ta Ingilishi ce a farkonsa. Aji ya kwashe da dariya, amma ni ban ga laifinsa ba, domin kuskurensa shi ne wanda akasarinmu kan yi idan muka zo bin asalin sunaye, wato mu dubi kamannin kalma a yau mu yanke mata hukunci. Alhali kuwa masu iya magana sun ce kama da wane ba ta wane.

Mai karatu, wannan suna ya samo tushe ne daga Tsohon Ingilishi, harshen ƙabilun Angul da Sakson da Jut, waɗanda suka ƙetaro daga yankin arewacin Jamus da Danmak na yau suka zauna a Birtaniya tun daga ƙarni na 5 na Miladiyya. Fassarar da ta fi karɓuwa a wajen masana ita ce sunan yana da gaɓa uku. Ta farko sunan wani mutum ne, Hwæssa ko Wassa. Ta biyu ita ce ɗafin "ing", mai nufin jama'ar wane, wanda aikinsa ya yi daidai da na "awa" a Hausa, kamar a sunan unguwar Agadasawa ta birnin Kano. Ta uku ita ce "tun", wadda da farko take nufin shinge ko gona kewayayya, daga baya ta koma nufin ƙauye. Da Bahaushe ne ya raɗa wa wurin suna, da "Ƙauyen Wassawa" zai ce. Garin yana nan har yau kusa da Sunderland, a arewa maso gabashin Ingila.

Sai dai abin lura shi ne, su waɗannan ƙabilu ba su da al'adar gadon sunan iyali. Kamar kakanninmu, mutum suna ɗaya gare shi, sai laƙabin da yake binsa kabari. Bayan da Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066 ne sababbin masu mulki suka yawaita rubuta filaye da masu biyan haraji, lamarin da ya sa laƙabi ya fara wucewa daga uba zuwa ɗa. Zuwa wajen 1400 yawancin iyalan Ingila sun mallaki sunan gado, ko dai daga sana'a kamar Smith, wato maƙeri, ko daga uba kamar Johnson, ko daga siffa kamar Long, wato Dogo, ko kuma daga gari.

A kundin Boldon na 1183, wanda Bishof Hugh de Puiset na Durham ya sa aka tattara don ƙididdige filayensa, an rubuta cewa wani William de Hertburn yana riƙe da Washington a madadin ƙauyen Hartburn da ya saki, yana biyan fam 4, kuma yakan fita babbar farautar Bishof da karnuka biyu. Daga nan ya koma William de Wessyngton. Ashe ke nan bai gaji sunan daga Hwæssa ba, daga ƙasar da ya samu ya ɗauko shi, har da ɗan harafin "de" na Faransanci, wanda zuriyarsa suka yar daga baya.

Wani reshe na iyalin ya gangaro kudu. Lawrence Washington, attajirin ulu wanda ya taɓa zama magajin garin Northampton, ya sayi gandun Sulgrave a 1539, bayan Sarki Henry na 8 ya ƙwace kadarorin gidajen 'yan zuhudu. Wani Lawrence ɗin daga zuriyarsa, limamin coci a Purleigh, ya rasa muƙaminsa a 1643 saboda goyon bayan sarki a yaƙin basasa. Wannan karayar arziki ce ta sa ɗansa John ya shiga fataucin taba, ya kuma zauna a Bajiniya a 1657. Tattaɓa-kunnen John, wanda aka haifa a 1732, shi ne George Washington, shugaban Amurka na farko daga 1789 zuwa 1797.

A nan ne labarin ya yi wata irin juyawa. George Washington bai haifi ɗa ko ɗaya ba. A shekarar da ya mutu, 1799, akwai bayi 317 a gandunsa na Mount Vernon, 123 daga cikinsu mallakarsa ne, kuma ya bar wasiyyar a 'yanta su bayan mutuwar matarsa, ita kuwa ta sake su a farkon 1801. Da aka haramta bauta a Amurka a 1865, 'yantattun bayi, waɗanda akasari ba a san su da sunan iyali a hukumance ba, suka shiga zaɓar wa kansu, da yawa kuma suka ɗauki Washington. Booker T. Washington, shugaban farko na makarantar Tuskegee a 1881, ya ba da labarin yadda ya zaɓi sunan da bakinsa sa'ad da malami yake kiran sunaye a aji. Ƙidayar Amurka ta 2000 ta samu mutum 163,036 masu wannan suna, kashi 90 cikin 100 baƙaƙen fata ne.

To, ina ruwanmu da wannan? Mu ma rajista ce ta soma kafa mana sunan iyali. Makarantun boko na zamanin Turawa sun riƙa bambanta ɗalibai da garuruwansu, shi ya sa muka samu Abubakar Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano da Shehu Shagari da Isa Kaita, har Sardauna ma Ahmadu Raɓah ake kiransa a Kwalejin Katsina. Yau fasfo da katin ɗan ƙasa da asusun banki suna ƙarasa aikin, suna tilasta wa kowa suna ɗaya da zai bi 'ya'ya da jikoki.

Hatsarin shi ne nan da shekara ɗari wani ya ɗauki sunan gari a matsayin hujjar jini, ya ce wane ɗan ƙasa ne, wane baƙo ne, kamar yadda muke gani a rigingimun takardar shaidar asali. Tarihin Washington ya nuna cewa suna ɗaya ya hau kan manomin Sakson da mai gandu da limamin coci da shugaban ƙasa da ɗan baiwa. Suna linzami ne, gaskiya, amma ba ya tabbatar da nasaba. Don haka ina kira ga kowane magidanci da ya zauna da dattawan gidansu tun suna raye, ya rubuta wane ne ya fara ɗaukar sunan da suke amsawa, a ina, kuma a kan wane dalili. Allah Ya sa mu dace.