Yaro Ya Faɗi Lissafi: Kafin A Ɗauko Bulala, A Fara Duba Lafiyarsa

A ƙarshen kowane zangon karatu, ranar da aka raba wa ɗalibai takardun sakamakon jarrabawa, akwai gidaje da dama a Birnin Kebbi da Argungu da ba a kwana cikin daɗin rai. Uba zai karɓi takarda ya bi ta da yatsa. Hausa da kyau, ilimin addini da kyau, Turanci ba laifi, sai ya iso kan lissafi ya ga jan biro. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne, a firamare ba a taɓa kuka da wannan yaro ba wajen lissafi, kuma har gobe shi ake aike kasuwa ya dawo da canji daidai. To, me ya faru? Amsar da aka saba bayarwa ita ce wasa ya yi masa yawa, ko waya ta ɗauke masa hankali, ko kuma dai daƙiƙi ne. Daga nan sai faɗa, wani lokaci har da duka.

Mai karatu zai iya cewa, ina ruwan asibiti da lissafi? Akwai ruwansa. Sau da yawa yaron da ya fara ja da baya a wannan darasi yana ɗauke da wata larura ce da ba a lura da ita ba, kuma yawancin irin waɗannan larurori suna da magani mai sauƙi. Lamarin kuwa ba ƙarami ba ne, domin duk mai son karatun likita, ko jinya, ko ungozoma, ko injiniya, ko wani fannin kimiyya, sai ya sami kiredit a lissafi a jarrabawar WAEC ko NECO. A shekarar 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sassauta wannan sharaɗi ga masu neman fannonin adabi da harsuna a jami'a, amma sassaucin bai shafi ɗaliban kimiyya ba. Yarinyar da take mafarkin sanya fararen kayan jinya, ƙofarta na iya rufewa tun tana aji biyu na ƙaramar sakandare, ba tare da kowa ya sani ba.

Me Ya Sa Sai A Lissafi?

Wurin da yawancin yara ke tuntuɓe shi ne inda haruffa suka shigo cikin lambobi, wato reshen lissafin da ake kira aljebra. Sunan ba na Turawa ba ne. Ya samo asali daga littafin da Muhammadu ɗan Musa Alkawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820 miladiyya, wanda babban kaso daga cikinsa yana magana ne a kan rabon gado da wasiyya. Kalmar aljabru a Larabci tana nufin mayar da abin da ya karye yadda yake, kuma da ita ake kiran ɗorin ƙashi. Wanda ya yi karatun fiƙihu ya san shafa a kan jabira wajen alwala. Tushen kalmar ɗaya ne.

Aikin kansa ba baƙo ba ne a wurinmu. A ce masunci ya fito daga Matan Fada da gora 3, kowanne da kifi daidai da na ɗan'uwansa, ga kuma kifi 4 a hannu, duka aka ƙirga kifi 40. Nawa ne a kowane gora? Kowane yaro ɗan bakin gulbi zai cire 4, ya raba 36 gida uku, ya ce 12. Wannan shi ne abin da malami ke rubutawa a allo: 3x + 4 = 40. Idan ɗanka ya amsa da Hausa amma ya kasa a takarda, to ba kai ne ba shi da shi ba. Ko dai Turancin tambayar ne ya sha masa kai, ko kuma ranar da aka bayyana ma'anar wannan x ɗin ba ya cikin aji.

Nan ne bambancin lissafi da sauran darussa yake. Yaron da bai zo ba ranar da aka koyar da tarihin Kanta, zai iya fahimtar darasin mako mai zuwa a kan jihadi ba tare da wata wahala ba. A lissafi ba haka abin yake ba. Wanda ya rasa mako biyun da aka yi ana koyar da rabe-raben lamba, irin su rabi da sulusi da rubu'i, ko lambobin da ke ƙasa da sifili, duk abin da za a ɗora a kai daga baya zai zo masa a karkace. Malami mai ɗalibai cike da aji ba zai tsaya ba. Saboda haka ne lissafi ke zama darasi na farko da ke tona asirin rashin lafiyar yaro, tun kafin sauran su nuna.

Su wane ne ke ɗauke yara daga aji a ƙasarmu? Na farko zazzaɓin cizon sauro. Lokacin da ya fi ƙamari, ƙarshen damina, shi ne daidai lokacin da ake buɗe sabuwar shekarar karatu ana kafa tushen darussa. Maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana rabawa da damina na 'yan ƙasa da shekara 5 ne, ɗan sakandare kuwa gidan sauro ne garkuwarsa. Sai aikin fadama: dashe, da korar jan-baki daga gonar shinkafa, da girbi. Babu mai cewa kada yaro ya taimaki mahaifinsa, amma ya kamata a san cewa kwana goma a fadama yana da farashi a aji. Waɗanda suke firamare a 2020, lokacin da aka rufe makarantu wata da watanni saboda cutar korona, da yawansu sun shiga sakandare da giɓin da ba a taɓa cike musu ba.

Ƙarancin Jini Da Tsargiya

Akwai kuma yaron da kullum yana aji, amma kamar ba ya nan. Ga shi zaune, ido a buɗe, sai hamma da kasala. A irin wannan, abin da likita zai fara nema shi ne ƙarancin jini, musamman wanda rashin sinadarin ƙarfe ke haddasawa. Ƙwaƙwalwa na buƙatar wannan sinadari domin riƙe hankali wuri guda. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2001, wanda ya duba yara fiye da 5,000 masu shekara 6 zuwa 16, ya gano cewa masu ƙarancin sinadarin ƙarfe sun ninka sauran fiye da sau biyu wajen haɗarin samun maki ƙasa da matsakaici a lissafi, ko da ƙarancin bai kai ga jininsu ya yi ƙasa ba. Abin ya fi yawa a tsakanin 'yammata, saboda jinin al'ada da suke zubarwa kowane wata. Sai ka ji ana cewa lissafi ba na mata ba ne, alhali wata yarinyar ba komai ke damunta ba illa jinin da bai ishe ta ba.

Alamomin su ne saurin gajiya, jiri, bugun zuciya, haki in an yi 'yar tafiya, farin cikin fatar ido da tafin hannu, wani lokaci da kwaɗayin cin ƙasa ko farar ƙasa. Gwajin na ɗigon jini ne daga yatsa. Bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, idan awon jinin ya gaza 12 ga yaro mai shekara 12 zuwa 14 ko ga budurwa, ko ya gaza 13 ga saurayi daga shekara 15, to akwai ƙarancin jini.

A kwarin Rima dole a haɗa wannan magana da tsargiya, wato fitsarin jini. Ƙwayar cutar na rayuwa a jikin ƙananan dodon koɗi da ke cikin tafkuna, da hanyoyin ban ruwa, da gefen gulbi inda ruwa ba ya gudu sosai. Tana huda fatar mai wanka, ko mai su, ko mai dashen shinkafa, ta girma a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, ƙwayayenta su riƙa yi wa mafitsarar rauni. Jinin da ke fita a ƙarshen fitsari ɗan kaɗan ne, amma kullum ne, shekara da shekaru. Har yanzu akwai masu ɗaukar wannan a matsayin alamar balagar ɗa namiji. Ba balaga ba ce, cuta ce, kuma idan aka bar ta tana iya lalata mafitsara da ƙoda. Yara maza ba sa faɗa saboda sun ga abokansu duk haka suke, mata kuma kunya ke hana su. Sai an tambaya. Maganinta Praziquantel, ana auna shi da nauyin yaro ko tsawonsa, a sha bayan an ci abinci, kuma akan raba shi kyauta a makarantun yankunan da cutar ta yi yawa. Iyaye su daina hana 'ya'yansu karɓa. A kuma sani cewa wanda ya warke, idan ya koma cikin ruwan nan, zai iya sake ɗauka.

Gargaɗi guda: kada a je kemis a sayo maganin ƙarin jini ba tare da gwaji ba. Mai sikila, alal misali, ƙarancin jininsa ba na rashin ƙarfe ba ne, kuma tara ƙarfe a jikinsa na iya cutar da shi. A gida dai a dage da hanta, kifi, wake, zogale da alayyafo, a haɗa da lemo ko gwaba. Shan baƙin shayi tare da abinci na rage wa jiki tsotsar ƙarfen, gara a ba da tazara.

Tunda an ambaci sikila, iyayen masu ita su lura sosai. Ban da kwanakin da ciwo ke cinye musu, bincike ya nuna cewa kimanin ɗaya cikin uku na yara masu jinin SS kan sami toshewar ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa kafin su kai shekara 14, ba tare da hannu ko ƙafa sun shanye ba. Wani lokaci faɗuwar maki ce kaɗai alama. Idan mai sikila ya fara ja da baya a karatu, a gaya wa likitansa, kada a jira ranar da ciwo ya tashi.

Ido, Kunne Da Ɗaukewar Hankali

Rashin hangen nesa yakan bayyana ne a shekarun tasowa. A rubutun Hausa ko Turanci, yaro zai iya cankar kalmar da bai gani sosai ba. A lissafi babu canka: 'yar alamar ɗebewa, ko ƙaramin 2 da ke saman x, idan suka ɓace masa, amsa ta ɓaci. A duba littafinsa. In yana kwafe tambaya ba daidai ba, ko yana ƙanƙance ido, a kai shi awon ido. Tabarau ba ya kashe ido, kamar yadda wasu ke tsoro. Haka nan yaron da kunnensa ya daɗe yana zubar da ruwa, ko yake yawan cewa "na'am?", a auna jinsa. Akwai kuma wata irin farfaɗiya da ba ta kayar da yaro. Sai dai ya ƙura ido shiru na 'yan daƙiƙoƙi, a kira shi bai ji ba, sau da yawa a rana. Tana jin magani ƙwarai.

Idan Jiki Lafiya Lau Ne Fa?

Wasu yaran an haife su ne da wahalar fahimtar lamba, ko da yake suna da basira a komai. Likitoci na kiran wannan diskalkuliya, kuma wani masani ɗan ƙasar Cekoslobakiya ta da, Ladislav Kosc, shi ya fayyace ta a 1974. Ana ƙiyasta tana shafar yara 3 zuwa 7 cikin 100. Bambancinta da abin da muka yi bayani a baya shi ne, tun daga firamare ake ganinta. Yaro ya kai shekara 14 yana ƙirga da yatsu, ya haddace jadawalin sau yau gobe ya zube, canji da agogo suna rikita shi. Ba ta da ƙwaya ko allura. Abin da ke taimako shi ne koyarwa a hankali, mutum da mutum, da abubuwan da hannu ke taɓawa kamar tsakuwa, kara da kuɗi.

Wanda ya fi wannan yawa shi ne tsoro. Akwai ɗaliban da ranar lissafi suke tashi da ciwon ciki, da gumi, da faɗuwar gaba, kuma ba ƙarya suke yi ba. Ƙwaƙwalwa tana da ɗan faifan da take ɗora lambobi na ɗan lokaci yayin da take aiki a kansu. Binciken masana halayyar ɗan'adam ya nuna cewa fargaba na cinye wurin da ke kan wannan faifai, sai yaro ya kasa abin da jiya ya yi daidai a gida. Duka da gori a gaban 'yan aji ƙara wa wannan wuta itace suke yi. A nan ma wasu samari ke faɗawa shan Tramadol ko wasu ƙwayoyi da sunan hana barci don karatu, abin da ke iya jawo jijjiga da kamu. Idan yaro ya daina cin abinci, ko barci ya ƙaurace masa, ko ya fara cewa gara ya mutu, a kawo shi asibiti a ranar, ba sai gobe ba.

Bayan an yi magani, aikin bai ƙare ba, domin ƙwaya ba ta mayar da darasin da ya wuce. Mai ɗori ba ya ɗaure ƙafa sai ya lalubo inda ta karye. A sami malamin, ko wani yaya da ya iya, ya koma baya da yaron aji-aji har a iso wurin da yake amsawa ba gargada, daga nan a fara hawa, ko da kuwa wurin aji huɗu ne na firamare. Minti 20 kullum ya fi awa uku ranar Asabar. Uba ko uwa da ba su yi boko ba su ma suna da abin yi: su ce, "Zo ka koya mini abin da aka yi muku yau," su kuma ba shi lissafin awo da na kasuwa da Hausa.

Mai niyyar kawo ɗansa, ya zo sashen marasa lafiya na waje, ko sashen yara idan ƙarami ne. A taho da takardun sakamako na shekara biyu ko uku da suka wuce, da littafin lissafinsa na aji, da katin sikila in akwai. Budurwa ta zo da mahaifiyarta ko yayarta, domin za a yi tambaya a kan al'ada. Idan ana zargin tsargiya, fitsarin da aka yi tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana shi ya fi nuna ƙwayayen cutar, saboda haka a shirya zama har zuwa wannan lokaci.