Ƙauna ba ta ba ka sunan wani a intanet

A shekarar 2023 hukumar WIPO da ke Geneva ta karɓi ƙararraki sama da 6,000 kan adireshin shafukan intanet, adadin da ba ta taɓa gani ba. Yawancin waɗanda aka kai ƙara 'yan damfara ne da masu saye don sayarwa da tsada. Amma tarun da aka kafa musu yana kama masoya ma, kuma a wannan shari'a ƙauna ba hujja ba ce.

A ƙarshen 2000 kamfanin Warner Bros. ya aika wa wata yarinya 'yar shekara 15 a Ingila takardar lauya, yana neman ta miƙa adireshin shafin da ta buɗe don masoyan Harry Potter. Jaridu suka ɗauki maganar, masoya suka yi kiran ƙaurace wa kayan kamfanin, ya janye a 2001. Surutun jama'a ne ya cece ta. Dokar tana nan yadda take.

Tun 1999 hukumar ICANN ta kafa tsarin UDRP na warware rikici kan adireshi, wanda duk mai rajistar adireshin .com ya amince da shi, ko ya karanta ko bai karanta ba. Mai ƙara zai nuna abu uku: adireshin ya yi kama da alamar kasuwancinsa, mai riƙe da shi ba shi da halastaccen haƙƙi a kai, kuma da mugun nufi ya yi rajista yake amfani da shi. Masoya sun fi faɗuwa a na biyu da na uku, kuma talla ce ke kayar da su. Yaron da ya liƙa tallar Google don ya biya kuɗin shafi yana ganin abin bai kai ya kawo ba. Masu hukunci kuwa suna iya ɗaukarsa ɗan kasuwa mai cin riba da sunan wani. Jagorar WIPO ta ce shafin masoya sai ya kasance yana aiki, ba na neman kuɗi ba, kuma a bayyane yake ba na kamfanin ba ne. Ko da hakan, adireshin da ya zama sunan zalla, babu wata kalma a haɗe, yana cikin haɗari.

Hukuncin ma ba shi da alƙibla ɗaya. 'Yar fim Julia Roberts da mawaƙiya Madonna sun ƙwato adireshin sunayensu a 2000, mawaƙi Bruce Springsteen ya sha kaye a 2001.

Sai batun aljihu. Dala 1,500 ta ishi kamfani shigar da ƙara a WIPO. A Amurka dokar ACPA ta 1999 ta ba kotu damar cin tarar dala 1,000 zuwa 100,000 kan kowane adireshi. Ɗalibi ba zai ja da wannan ba, shi ya sa da yawa ke miƙa wuya tun daga takardar farko, ko da suna da gaskiya.

Kamfanoni suna da tasu hujjar, ba a musu. Da adireshi mai kama da na gaskiya ake sayar da jabun kaya da satar bayanan katin banki. Sai dai lauya mai idanu yana iya bambance ɓarawo da yarinya mai son littafi.

Masoyan kayan wasa na Lego sun gano mafita tun tuni. Kamfanin ya rubuta ƙarara cewa bai yarda a sa sunansa cikin adireshi ba, sai suka koma ga kalmar Turanci da ke nufin bulo: Brickset, BrickLink. A 2019 Lego da kansa ya sayi BrickLink. Mai shirin buɗe shafi don Arsenal ko wani tauraron Kannywood, ko da a .ng ne da hukumar NiRA ke kula da shi, ya ƙirƙiro sunansa na kansa kafin ya biya kuɗin rajista.