Kafofin Sada Zumunta da Gina Suna Wajen Neman Aiki

Kafofin sada zumunta su ne dandalin intanet irin su Facebook da WhatsApp da X da LinkedIn, inda jama'a ke musayar rubutu da hoto da murya. Bayan da wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya a shekarar 2001, waɗannan kafofi suka riƙa kutsawa sannu a hankali har suka isa ƙauye. A wannan darasi za a duba yadda ɗalibi mai shirin zama malami zai yi amfani da su wajen gina sunansa da neman aiki, tare da misalai daga ƙasar Aliero da Jega ta Jihar Kebbi.

Suna da Shaida

Bahaushe ya daɗe da sanin darajar suna. Masu ɗorin karaya na Aliero sun shahara tun kafin zuwan intanet, domin duk wanda aka kawo ranga-ranga ya koma gida da ƙafarsa, shi ke kai labari gaba. Haka dillalin albasa yake cin abinci da amanar da fatake suka shaide shi da ita. A gari kamar Kashin Zama, idan za a ba matashi aji a makarantar Islamiyya, akan tambayi liman ko mai unguwa halinsa. Wannan shi ake kira shaida.

A yau shafin mutum ya shiga sahun masu ba da shaida, sai dai shi ya bambanta da liman. Dattijo yakan yi kawaici, ya sakaya ƙuruciyar da yaro ya yi a baya. Shafi ba shi da kara. Zagin da ɗalibi ya rubuta yana aji ɗaya a kwaleji yana nan daram ranar da mai makaranta zai binciki sunansa, ko ya goge, wataƙila wani ya riga ya ɗauki hotonsa. Wannan ya fi shafar matasan da 'yan siyasa ke ɗauka sojojin baka a lokacin zaɓe, su yi ta cin mutuncin manya saboda kuɗin data. Zaɓe yakan wuce, rubutun ya zauna. Banda zubar da mutunci, tun 2015 Nijeriya take da dokar laifuffukan intanet, wadda a ƙarƙashinta aka sha gurfanar da mutane saboda abin da suka wallafa.

Rubutun Malamin Hausa

Ɗalibin Hausa yana da wani nauyi na daban, domin hajarsa ita ce harshe, kuma duk jimlar da ya rubuta samfuri ce ya baje. Wanda ke rubuta "xan xo" maimakon "zan zo", ko "yace" da "inada" maimakon "ya ce" da "ina da", ya riga ya faɗa wa masu karatu iyakar saninsa na ƙa'idojin rubutu. Haka wanda bai damu da baƙaƙe masu lanƙwasa ba, wato ɓ da ɗ da ƙ, har ya kasa raba "kafa" da "ƙafa", ko "baki" da "baƙi". A da ana kafa hujja da cewa waya ba ta da waɗannan baƙaƙe. Yanzu akwai allon rubutun Hausa da ake saukewa kyauta, saboda haka hujjar ta faɗi.

Abin da ya dace da shafin malami shi ne cikakken sunansa na takarda, da hoto na kamala, da darussan da ya haɗa a karatun NCE, da rajistarsa da hukumar TRCN idan ya samu. Zai ƙara wa kansa kima idan yana wallafa abin da ya iya, kamar gajeren bayani a kan karin sauti, ko kalmomin noman albasa da ya tattara daga bakin manoma. Amma kada ya saka hotunan yaran da ya koyar lokacin gwajin koyarwa ba da izinin makaranta da iyaye ba.

Neman Aiki

Shirin N-Power da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2016 ya karɓi takardun masu nema ta intanet, kuma da yawa sun fara jin labarinsa ne a waya. Zaurukan WhatsApp na tsofaffin ɗalibai su ma hanya ce ta jin gurbi a makarantu masu zaman kansu na Jega ko Birnin Kebbi. Mai tuntuɓar shugaban makaranta ta waya sai ya yi sallama, ya gabatar da kansa, ya rubuta buƙatarsa kamar yadda zai rubuta wasiƙar neman aiki.

Ta wannan ƙofa kuma 'yan damfara suke shigowa. Sukan buɗe shafi da tambarin wata hukuma, su yi shelar ɗaukar malamai, su nemi kuɗin fom a asusun wani mutum, ko lambar BVN da lambar sirrin da banki ke turowa. Duk sanarwar da ta zo da irin wannan buƙata abin zargi ce. Kafin mai nema ya tura ko sisi, ya kamata ya taka zuwa ofishin ilimi na ƙaramar hukumarsa, a Aliero ko Jega ko Maiyama, ya tambaya ko sanarwar ta fito daga hukuma.