Man Yuriya da Amfaninsa ga Fata da Farce

Gabatarwa

Manomi ya san yuriya a matsayin takin zamani, amma wannan sinadari yana da wani matsayi a fannin kiwon lafiya. Hanta ce ke samar da shi a jikin ɗan Adam, ƙoda kuma ta fitar da shi cikin fitsari. A shekarar 1828 wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Jamus, Friedrich Wöhler, ya harhaɗa shi a ɗakin gwaje-gwaje. Wanda ake sakawa a man shafawa a yau a masana'anta ake yin sa, kuma an tace shi.

Yadda Yake Aiki

A saman fatar mutum akwai yuriya ta halitta wadda ke riƙe danshi. Idan ta yi ƙaranci, sai fata ta bushe ta yi furu-furu, kamar yadda ake gani lokacin hunturu. Man yuriya yana jawo ruwa ya tsare shi a fata, sannan yana sassauta matacciyar fatar da ta yi kauri har ta saɓule. Wanne daga cikin ayyukan nan biyu zai rinjaya, ya danganta da yawan sinadarin da ke cikin man.

Matakan Ƙarfinsa

Mai kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ana shafa shi ne don bushewar fata da ƙaiƙayin da ke biyo bayanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya waɗannan biyu cikin jerin muhimman magunguna. Mai kashi 20 zuwa 30 yana maganin kaushi da kanta da faso. Shi kuwa mai kashi 40, farce yake tausasawa. Idan ƙwayar cuta ta sa farce ya yi kauri ya lalace, likita kan sa a shafa shi a naɗe na wasu kwanaki, sannan a kankare ɓangaren da ya ɓaci ba tare da tiyata ba. Daga nan sai a bi da maganin kashe ƙwayar cutar, domin yuriya hanya kawai take buɗe masa.

Abubuwan Kiyayewa

Man yakan yi ɗan zafi ko raɗaɗi, musamman inda fata ta tsage. Ba a shafa shi a buɗaɗɗen rauni, ko kusa da ido da leɓe. Mai ciwon sukari ya wajaba ya nemi shawarar likita tukuna, domin ƙaramin faso a ƙafarsa yana iya zama gyambo. Haka kuma, takin gona ba ya maye gurbin wanda ake sayarwa a kantin magani.

Kammalawa

Malami yakan riga kowa lura da ɗalibin da faso ya hana shi taka ƙasa sosai. Abin da ya kamace shi shi ne ya sanar da iyaye su kai yaron asibiti, inda za a zaɓa masa man da ƙarfinsa ya dace da larurarsa da shekarunsa.